Ka Kai Gudu Gidansa, Ka Baro Shi Can

Ɗana,

 Daren jiya bayan sallar isha mahaifiyarka ta zo gidana, ko mayafi ba ta sauke ba ta fara magana. Ta ce ka sayi babur mai inji 600, irin wanda ake kwanciya a kan tankinsa, kuma har ka biya kuɗin shiga filin tsere na Mallory Park a wata mai kamawa. Ta ce tunda ni na san wannan harka tun kana goye, ni ne zan hana ka. Na ba ta haƙuri, amma ban yi mata alkawari ba. Saurayin da ke ci da guminsa a Bamingham ba a hana shi abu daga Zariya, kuma ko da ina iyawa ba na jin zan yi. Abin da na gaya mata shi ne, tunda babur ya riga ya shiga hannunka, gara ka koyi gudunsa a fili da ka koya a titi. Ta tafi ranta bai kwanta ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta maka wannan, domin in za ka je, ka je da abin da ni na saya da ƙashina.

Ka san na yi shekara ashirin da ɗoriya ina aikin kanikanci a garejin motocin bas a Lesta. Da ƙaramar Honda CG125 na fara zuwa aiki, don ta fi mota sauƙin kuɗi. Sai da na haura shekara 40 na sayi Suzuki SV650, wani abokin aikina Bature ya ga yadda nake shan kwana a hanyar gida, ya ce mini in ina son in ga jikokina in bi shi ranar hutu. Shi ya fara kai ni Mallory Park, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga Lesta. Daga nan na shiga Donington Park, inda jiragen sama ke sauka kusa da kai kamar za su taɓa hularka, na shiga Cadwell Park mai ƙunci da tudun da ke ɗaga tayar gaba, na shiga Brands Hatch, inda kwanar farko ke gangarawa kamar an janye ƙasa daga ƙarƙashinka. Ban taɓa zama gwani ba, ban taɓa shiga gasa ba. Na dai daɗe a wurin, na ga waɗanda suka zo suka koma gida a kan baburansu, na ga waɗanda aka kwashe a motar asibiti.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a rai: ranar da ka biya wa kuɗi ba ranar tsere ba ce. Filin ne na tsere, amma ranar ta koyo ce. Babu na ɗaya, babu kofi, babu mai tafa wa kowa. Yawancin masu shirya irin wannan rana ma sun hana auna lokaci da agogo, don kada abin ya rikiɗe ya zama gasa. Za a raba ku rukuni uku, sababbi da matsakaita da masu sauri, kowane rukuni ya shiga na minti 20 ya fito ya huta na 40, haka har yamma, sau shida ko bakwai in rana ta yi kyau. Ka rubuta sunanka a rukunin sababbi. Na san zuciya za ta ce maka ai ka shekara biyu kana hawa, ai ka fi ƙarfin wannan. Kada ka saurare ta. Shekara biyu a titi daban, awa ɗaya a fili daban. Wanda ya ci gaba da sauri, malaman wurin da kansu za su zo su ce ya matsa gaba, kuma a ɗaga ka ya fi a sauke ka daɗi.

Kakanninmu ba su jahilci wannan ba. Sun so doki, sun so gudunsa, amma ba su sake shi a cikin kasuwa ba, sai suka ware masa filin sukuwa. Ka tuna ranar hawan Daushe da na kai ka ƙofar fada kana ƙarami, mahaya suka taho a sukwane kamar za su bi ta kan jama'a, sai ga shi sun ja linzami tashi ɗaya, dawakai suka turje a gaban Sarki, aka ɗaga hannu aka yi jinjina. Abin da ya sa mutane suka yi sowa shi ne tsayawar. Kowane yaro zai iya sakin linzami doki ya zura. Mahayi shi ne wanda dokinsa ke tsayawa inda ya so, lokacin da ya so. Haka babur. Murɗa totur ba ya buƙatar ilimi. Abin da za ka je koyo shi ne birki, da kwana, da riƙe zuciyarka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun saura mako guda ka zauna da babur ɗinka. Ka duba tayoyi, in sun tsufa ko sun cinye a tsakiya ka canza, kada ka yi tsumulmula a nan, domin duk nauyinka da na ƙarfen nan a kan abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba yake tsaye, ɗaya gaba ɗaya baya. Ka duba takalman birki da man birki, ka duba sarƙa kada ta yi sako-sako ko ta ɗaure da yawa, ka bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Musamman ka duba kada baƙin mai yana ɗiga. Ni bakanike ne, kuma ina gaya maka, ɗigon man da kake rainawa a ƙofar gida, in ya zuba a kwana zai iya kayar da mutum biyar da ke bayanka, kuma alhakinsu yana wuyanka. Iskar taya kuma, abin da littafin babur ya ce na titi, galibi 36 gaba da 42 baya, ya yi yawa a fili, don taya na zafi iska ta kumbura. Ana ragewa zuwa wajen 30, amma ka tambayi mai taya da ke wurin da safe, shi ya san irin taka da yanayin ranar. Za a kuma auna ƙarar salansarka, in ta wuce iyaka ba za ka shiga ba, saboda mutanen ƙauyukan da ke kewaye suna da haƙƙi.

Kayan jiki ma haka. Rigar fata mai haɗe da wando, ko mai zif da ya zagaye ƙugu gaba ɗaya, da hular kwano mai rufe haɓa wadda ke da tambarin amincewa na masu tseren ƙasar, da safar hannu mai rufe wuyan hannu, da takalmi mai tsawo, da abin kare ƙashin baya. In kuɗinka bai kai ka haɗa waɗannan ba, to bai kai ka shiga fili ba, ka ɗaga zuwa baɗi. Kuma ka sani inshorar da kake biya ta titi ba ta bin ka cikin fili. In ka fāɗi, asararka ce, in wani ya kayar da kai ma asararka ce. Saboda haka ka tsaya gaban babur ɗin ka tambayi kanka, in ya zama tarkace gobe, zan iya ɗauka? In bashi ne a kansa kuma da shi kake zuwa aiki, ka yi tunani sau biyu. Sannan kada ka zaɓi ranar da kake azumi. Cikin rigar fata gumi kake zubarwa ko da gari da sanyi, kuma ƙishirwa hankali take fara ci kafin ta ci jiki.

Da safe za a tara ku a yi muku bayani. Za ka ga wasu suna danna waya, wai sun saba ji. Kai ka matsa gaba ka buɗe kunne, domin a fili ba a magana da baki, da tuta ake yi. Ruwan ɗorawa tana cewa akwai haɗari a gaba, ka sassauta, kada ka wuce kowa. Ja tana cewa an tsayar da komai, ka rage gudu a hankali ka fita. Mai ratsin ja da ɗorawa tana cewa kwalta da santsi, mai ne ko ruwa. Baƙa in an nuna ka da ita, kai ake kira, ka fito a ji dalili. Mai dabbare-dabbaren fari da baƙi ita ce ta tashi. Akwai kuma wata doka da za ta yi maka nauyi, domin ta saɓa wa tarbiyyar da muka ba ka. In wani ya fāɗi a gabanka, kada ka tsaya. Mun koya maka ba a wuce wanda ya fāɗi, kuma gaskiya ne a ko'ina ban da can. A can akwai masu tsaro sanye da kaya ruwan goro a kowace kwana, akwai motar asibiti tana jira, aikinsu ke nan. Kai in ka tsaya ka zama haɗari na biyu ga na bayanka da ga wanda ke kwance. Taimakonka shi ne ka wuce a hankali ka ba su wuri.

Za a ce ka cire madubai ko ka rufe su da salatif. Ranar farko na ji kamar an makantar da ni rabi. Daga baya na gane hikimar. A fili nauyin wucewa lafiya yana kan mai wucewa, kai naka shi ne ka riƙe layinka, kada ka yi ta kai-kawo, kada ka kauce don ka ba wani hanya, domin kaucewar da bai zata ba ita ke haɗa ku. In za ka fita daga fili, ka ɗaga hannun hagu tun da nisa kowa ya gani. Wanda ya rufe madubi ya daina damuwa da wa ke bayansa, kuma rabin wahalar matashi a kan babur, da ma a rayuwa, daga nan take.

Zagayen farko za ku bi malami a jere, a hankali. Kada ka ɗauka ɓata lokaci ne. Nan za ka ga inda kwalta ta canza launi, inda aka ajiye alamar fara birki, inda kwana ke ɓoye ƙarshenta. A Mallory, kana barin layin farawa za ka tarar da Gerard's, doguwar kwana ta dama da za ka yi ta kwanciya a cikinta har ka fara tunanin ba za ta ƙare ba. A ɗaya ƙarshen kuma akwai Shaw's, mai lanƙwasa kamar ƙugiya, inda sai ka sauko giya ta ɗaya ko ta biyu. Duka filin bai kai mil ɗaya da rabi ba, amma wanda ya ce ya gama saninsa a rana ɗaya bai fara ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai, ido. Babur yana bin ido kamar yadda raƙumi ke bin akala. Inda ka kafa ido, nan za ka je. In ka shiga kwana ka ji gudu ya yi yawa, tsoro zai sa ka zuba wa tsakuwar gefe ido, kuma da ka kalle ta ka same ta. Maganin shi ne ka juya kanka da gangan, haɓa da komai, ka kalli mafitar kwanar, ka tura hannun babur na ɓangaren da kake son zuwa. In dama za ka, hannun dama za ka tura gaba. Kana yin haka kullum a titi ba ka sani ba, a fili za ka koyi yinsa da sani. Sau da yawa babur yana da sauran kwanciya, mahayin ne ya ƙare. Wani Ba'amurke mai suna Keith Code, wanda ya buɗe makarantar koyar da wannan sana'a a Kalifoniya a 1980, ya kwatanta hankalin mahayi da kuɗin aljihu masu iyaka: abin da ka kashe a kan tsoro, ba ka da shi don kallon hanya. Na ga gaskiyar wannan a jikina. Duk ranar da na shiga da natsuwa sai in ga fili ya yi faɗi, duk ranar da na shiga da zumuɗi sai ya tsuke.

Birki kuma, na gaba shi ne birki, shi ke ɗauke da kusan duk aikin tsayawa. Amma ba a cafkarsa. Ana fara matsa shi a hankali har nauyi ya sauka kan tayar gaba ta danne ƙasa, sannan a ƙara ƙarfi. Ka gama yawancin birkinka babur yana tsaye, ka shiga kwana da gudun da ya yi maka kamar ya yi kaɗan, sannan ka buɗe totur sannu a hankali har ka fita. Taya tana da ƙarfin riƙo ƙayyadadde, in kwanciya ta cinye shi, babu saura don birki. Ka riƙe wannan lissafi kuma: a gudun kilomita 200 a awa kana cin mita 55 da ɗoriya kowace daƙiƙa, wato filin ƙwallo guda kafin ka ƙirga biyu. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Wannan hukunci ne da Allah Ya ɗora wa halitta, ba ya duba ƙwarewar kowa, ba ya sassauta wa mai sabon babur.

Za a wuce ka, kuma ina so ka shirya wa wannan tun daga gida. Ni wani dattijo mai furfura ne ya fara wuce ni, a kan tsohon babur da injinsa bai kai nawa ba, ta waje, a tsakiyar kwana, ko ƙarar totur ban ji ya yi ba. Da muka fito na neme shi na gaishe shi. Ya ce in bi shi a shiga ta gaba, zai rage gudu in ga inda yake bi. Abin da na koya a minti 20 ɗin nan ya fi na shekara biyar a titi. Mutanen wurin haka suke, in ka zo da tambaya za su buɗe maka komai, in ka zo da cika baki za su zuba maka ido. Akwai kuma mai ɗaukar hoto da ke tsayawa a kwana, kuma na san burin kowane saurayi ya samu hoton da gwiwarsa ke gogar kwalta don ya aika wa abokai. Gwiwa za ta sauka da kanta ranar da gudunka ya kai. Wanda ya miƙa ta don hoto, hankalinsa ya bar hanya ya koma kan masu kallo.

To, bari in gaya maka abin da mahaifiyarka ta sani rabi. Shekarata ta huɗu ce a wannan harka, a wani fili da ke tsakiyar Ingila, cikin kaka, rana ta yi ƙasa, iska ta fara sanyi. Na riga na yi shiga shida, cinyoyina suna rawa, na ma fara tunanin in tattara kayana. Sai aka kira shiga ta ƙarshe, na ce ai na biya kuɗi. Muna fita wani yaro a kan babur mai inji 1000 ya wuce ni kusa-kusa, iskarsa ta buge ni. Wani abu ya taso mini a ƙirji. Na san taya ta huce a lokacin hutu, na san sai an yi zagaye biyu kafin ta ɗumama, na san a filin da yawancin kwanoninsa na dama ne, gefen hagu na taya shi ne ƙarshen yin zafi. Duk na sani, na sha gaya wa wasu. Amma na bi shi. A kwanar hagu ta farko na ga gudu ya yi yawa, idona ya tafi kan tsakuwa, hannuna ya cafki birki babur yana kwance. Ban ji lokacin da tayar gaba ta tafi ba. Na ga sama, na ga ƙasa, na ga sama, sannan shiru.

Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye, haƙarƙari biyu suka tsage. Rigar fata da hular kwano da tsakuwar da aka zuba a wurin don irin wannan, su ne sanadin da Allah Ya sa na tashi. Da a titi ne, da turken fitila ko gaban mota zan tarar. Na yi wata biyu ban riƙe sifana ba, kuma bakanike mai hannu ɗaya ba shi da abin sayarwa. 'Yata, yayarka, tana 'yar shekara bakwai a lokacin, ita ke zuba mini ruwan alwala, ta tsuguna ta ɗaura mini igiyar takalmi. Wata rana tana ɗaurawa ta ɗago kai ta ce, "Baba, ka ci tseren?" Ban sami abin ce mata ba. Babu tseren da aka yi. Yaron da na bi bai san ina binsa ba, bai san na fāɗi ba, ya gama zagayensa ya ɗaura babur a mota ya tafi gida. Ni kaɗai na shirya gasar a cikin zuciyata, kuma iyalina suka biya kuɗinta. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Daga ranar na kafa wa kaina dokoki uku, kuma su nake ba ka gado. Zagaye biyun farko na kowace shiga na ɗumama taya ne, ko wa ya wuce ni. In na ji gajiya, ko na yi kuskure biyu a jere, na fita, kuma shigar ƙarshe ta yamma na bar wa masu ita. In na ji zuciyata ta ɗau zafi a kan wani mahayi, na ɗaga hannu na fita na sha ruwa har ta huce. Na ƙara shekara shida ina shiga fili a kan waɗannan dokoki ban sake taɓa ƙasa ba, kuma abin da zai ba ka mamaki, gudun nawa ma ya ƙaru.

Ba zan ruɗe ka in ce fili ba ya kisa ba. Marco Simoncelli, ɗan Italiya mai shekara 24, yana cikin gwanayen duniya, ya rasu a filin Sepang na Maleshiya a watan Oktoba na 2011, da likitoci da komai a kusa. Amma ka dubi ɗaya gefen. Mike Hailwood ya ci kambun duniya sau tara, ya ci tseren tsibirin Man sau 14, tseren da ake yi tun 1907 a kan titunan gari tsakanin katangu da turaku, wanda hanyarsa ta ci rayuka fiye da 250. Duk ya tsallake wannan. A watan Maris na 1981 ya fita da 'ya'yansa a mota sayo abincin dare kusa da gida, wata babbar mota ta juya a gabansa inda bai kamata ba, 'yarsa ta rasu nan take, shi ya bi ta bayan kwana biyu. Nicky Hayden, zakaran duniya na 2006, a kan keke mota ta buge shi kusa da Rimini a Italiya a watan Mayu na 2017, shi ma ya rasu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma akwai darasi ga mai hankali. A fili kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mahaɗa, babu mai fitowa daga lungu, babu yaro mai tsallaka titi. A titi ƙwarewarka rabin magana ce, sauran rabin yana hannun mutumin da ba ka sani ba.

Shi ya sa na ce lokaci mafi haɗari a ranar nan shi ne bayan an tashi. Ka wuni kana gudun da ya haura kilomita 160, jikinka ya saba, sai ka fito titi mil 60 ta zama maka kamar tafiyar ƙasa, ga gajiya, ga iskar taya a rage, ga madubi a rufe. In da hali ka kai babur a bayan mota ka dawo da shi a bayan mota. In babu, ka zauna rabin awa, ka yi la'asar, ka mayar da iska, ka ɓare salatif, ka bi maleji kada ka bi abin da jikinka ke gaya maka. Gudu yana da gida, ka kai shi gidansa, ka baro shi can. Idan fili ya sa ka ƙara gudu a titi, kuɗinka sun tafi a banza. Ni abin da ya yi mini shi ne ya kashe mini ƙishirwar, na dawo ina tafiya a titi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Tun da na dawo gida nake ganin yaranmu ranar ɗaurin aure, a kan Bajaj da Jincheng, uku a babur ɗaya, babu hula, silifa a ƙafa, suna kwanciya suna ɗaga taya a tsakiyar jama'a. Mutane suna zaginsu, ni kuwa tausayi suke ba ni, domin na san wutar da ke cinsu, ita ta ci ni. Da yawansu suna da hannu da ido da za su zama gwanaye, ba su dai sami fili da malami ba, sai titi da 'yan kallo. Kai Allah Ya kai ka inda akwai duka biyun. Wanda aka ba wannan dama ya koma yana wasa da rai a titi, ba shi da uzurin da su suke da shi.

Kada kuma wani ya ce maka ai komai rubutacce ne, don haka shiri ba shi da amfani. An koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Duba taya da sanya hula da sauraron tuta, ɗaure raƙumin ke nan. Ran da ke jikinka amana ce, kuma ba kai kaɗai ke da haƙƙi a cikinsa ba. Matar da ta zo gidana jiya ta kasa zama tana da kaso mafi girma.

Saboda haka ga abin da nake nema a wurinka. Kafin ranar, ka kira ta da kanka, ka zayyana mata yadda abin yake, rukuni da malamai da motar asibiti da kayan da ka saya, kada ka ɓoye mata komai kuma kada ka yi mata dariyar tsoronta. Ka nemi albarkarta. In ta ƙi, ka jinkirta, mu ci gaba da lallashinta tare, fili ba ya gudu. In ta yarda, ka yi addu'ar hawa kafin ka tayar da inji, kamar yadda ka saba. Da yamma kuma, da ka cire hula, kafin ka duba hoto ko ɗaya, ka kira ta ta ji muryarka. Daga nan sai ka kira ni. Ba zan tambaye ka gudun nawa ka yi ba, ba zan tambaye ka mutum nawa ka wuce ba. Zan tambaye ka ko an wuce ka, da abin da zuciyarka ta ce a lokacin, da abin da ka amsa mata.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya.

Kawunka.